Bindigar Roba a Kasuwar Korgom

Ana gab da babbar Sallar 2025 na bar Maraɗi zan kai gaisuwa Korgom, a yankin Tasawa. Hanyar gabas muka bi, ta Agye da Gazawa. A Tasawa na sauka na shiga motar 'yan kasuwa mai yin kudu maso gabas, wajen iyakar Najeriya. Damina na ƙofa, manoma sun gama sharar gona suna duban sama, kuma hirar cikin mota ba ta wuce rago ba. A watan Mayu gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje, don haka mai saye yana murna, mai kiwon da ya saba kai ragunansa kasuwar Mai'adua ya karɓo naira kuwa yana cizon yatsa.

Ba na shiga gidan yara hannu rabbana, shi ya sa da isata na nufi kasuwa neman tsaraba. A can na tarar da wani saurayi ɗan koli ya shimfiɗa buhu, ya jera balan-balan, usur, tabarau na roba, 'yan tsana masu gashin zinariya da bindigogin wasa. Na ɗauki bindiga guda. Ba ta da nauyi ko kaɗan, bakin haɗin robar yana da kaifi, kuma tana warin ƙonanniyar leda. Da na murza jan fentin bakinta, sai ya biyo yatsana. A gindinta akwai ɗan murfi marar kusa, na taɓa shi da farce ya buɗe, ƙananan batura masu kamar maɓallin riga suka zubo a tafina.

"Malam, ka danna ka ji kukanta," in ji shi. "Daga Kano na ɗauko, 'yar Caina ce."

"To samari, ya ka tsawwala kuɗi haka?"

"Wallahi Malam ba ni ba ne, hanya ce."

Gaskiya ya faɗa, hanyar kuwa doguwa ce. Yawancin irin wannan kaya ana ƙera su a Chenghai, wani yanki na birnin Shantou a kudancin Sin, a sare su a manyan kasuwanni irin na Yiwu, a loda a kwantena. A bakin teku harajin bai-ɗaya na CEDEAO, wanda ya fara aiki a 2015, yana jiransu. Matakansa biyar ne, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin ɗari, kuma kayan da aka gama ƙerawa don amfanin yau da kullum suna kan kashi 20. Daga nan sai abin da siyasa ta ɗora. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da a da ke zuwa Maraɗi daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. A Maris na 2025 ƙasashen AES, wato Nijar, Mali da Burkina, suka ƙara nasu harajin, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kan kayan da ke shigowa daga waje. Faɗuwar naira tun 2023 ta ɗan taimaki mai sefa a aljihu, sai dai Alhajin da ya yi odar kwantenar a Kano da dala ya biya, kuma ba zai yi asara don ɗan Korgom ya yi Sallah ba.

Abin da ya fi damun saurayin ma ba duwan ba ne. A Oktoban 2024 aka hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina. An yi dokar don abinci ya yi sauƙi, ban kuma ga laifin niyyar ba. Amma kuɗin waken nan da ake kaiwa Najeriya, da shi uba ke ɗinka wa yara kayan Sallah, in ya yi saura ya sayi usur. Dokar hatsi ce, ga ta ta sauka a kan buhun ɗan koli.

Duk wannan lissafin kuɗi ne. A tsawon hanyar kowa ya tambayi nawa za a biya, jan fentin da ke yatsana kuwa ya iso Korgom abinsa. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda dalma a fenti da ƙananan maganaɗisu masu ɓallewa. Shekara na zagayowa Amurka ta yi dokar da ta tilasta gwajin kayan yara, Tarayyar Turai ta sabunta tata a 2009. Abin da dokokin suka jawo shi ne masana'anta ta ware kaya gida biyu: na wanda zai gwada, da na wanda ba zai gwada ba. Tambarin CE na bin ƙa'idar Turai da ke jikin bindigar nan kowane injin roba yana iya buga shi. A takarda Najeriya tana da hukumar ingancin kaya ta SON da tsarinta na SONCAP, Nijar tana da ANMC. Amma kayan da ya tsallako iyaka a buhu, ɗaure a bayan babur, ba ya biyowa ta ofishin kowa.

Mu kuwa ba baƙin dalma ba ne. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya. Ba na cewa kowane fenti yana da ita, ido ba ya ganewa, kuma matsalar ke nan. Baturin maɓalli ma, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona shi, ga asibitin da zai ciro shi da nisa.

Na sayi ƙwallo da alewa na wuce. A ƙofar gidan da na sauka na iske yaran sun riga ni. Sun haɗa motar kara, an tsaga karan dawa an soke da tsinke, an yanko tayoyi daga tsohon silifa, an ɗaura gwangwanin tumatir a matsayin tankin mai. Babban cikinsu yana ja da zare, ƙanana suna bi suna kukan inji da baki, wani ya tsaya a gaba da sanda wai shi ne jandarma, sai an ba shi na goro. Dattijon gidan ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka gani, har sun san hanya."

Ban ce a koma motar kara ba, yaron da ya ga bindiga mai walƙiya a hannun ɗan maƙwabta ba zai haƙura ba. Iyaye dai, kafin ku miƙa kuɗi ku murza fentin da yatsa, ku duba ko murfin baturin yana da kusa. In babu, ku ajiye masa kayansa.