Makaɗa Biyu Masu Lambu a Fadamar Haɗejiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka in ba 'yan'uwa masu karatu labarin fadamar Haɗejiya, da na waɗansu makaɗa biyu da na tarar a can suna noman rani. Dalilin da ya sa na ga labarinsu ya isa a buga shi ne, mu ma'aikatan ofis da malaman makaranta mun saba ɗaukan kowane mai kiɗa maroƙi ne, wanda ba shi da wata sana'a sai bin masu hali da daɗin baki. Waɗannan biyu kuwa ba su da ubangida, ba su kuma neman a yi musu. Abin da ya ɗauke musu wannan bukata ruwan kogi ne da 'yan fangulan albasa. Ruwan nan kuwa yanzu ya shiga wani hali wanda ya kamata a sani.

Sai in fara da bayanin ƙasar, domin wanda bai taɓa zuwa ba. Kogin Kano da kogin Calawa su ne su ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim, ya iso gab da birnin. Daga nan ƙasa ta kan shimfiɗe kamar faifai, har ruwa ya rasa inda zai nufa, sai ya rarrabu. Wani reshe ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, saura kuwa ya je ya gamu da kogin Jama'are, su zama kogin Yobe wanda ya ke tafiya har tafkin Cadi. Tsakanin rassan nan akwai tuddan yashi, wato jigawa, waɗanda jihar ta ci sunansu sa'ad da aka cire ta daga Kano a 1991. Gero da wake a kan jigawa, shinkafa a kwari, kifi a tafki, shanun Fulani kuma su bi bayan ruwa in ya janye. A Baturiya, can wajen Kirikasamma, har tsuntsayen ƙasar Turai su kan zo su yi hunturu su koma.

Birnin kansa kowa ya san tarihinsa, da na Sarki Buhari, da na Sarki Muhammadu Mai Shahada wanda ya faɗi yana yaƙi da Turawa a 1906. Ba zan tsaya nan ba. Amma baƙo ya daure ya leƙa kasuwar kifi, ya ga yadda a ke ɗaure busasshen kifi a kwali a na lodi zuwa Kudu. Nan ne zai gane cewa cikin garin nan da kogin nan a ɗaure su ke da igiya guda.

To, makaɗan da na ambata wa da ƙane ne, a wani ƙauye tsakanin Haɗejiya da Auyo. Na san su ta wurin wani malamin gona da muka yi zagaye tare. Babban shi ke kaɗa gurmi yana waƙa, ƙaramin yana riƙe da kalangu yana amshi. Su biyu ke nan, ba sanƙira, ba 'yan ma'abba, ba motar haya. Babur guda ya kan ɗauke su da kayan kiɗansu duka. Gurmi kuwa, ga wanda bai sani ba, ƙoƙo ne a ke rufewa da fata, a sa masa sanda a ja tsirkiya, a kaɗa da yatsa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai an yi shiru a ke jin daɗinsa. Haɗejiya tana da suna wajen kiɗansa, gama marigayi Haruna Uji, wanda waƙoƙinsa na soyayya suka gama ƙasar Hausa, ɗan garin nan ne.

A Ingila lokacin zafi ne mutane ke shiga lambu, domin da hunturu ƙasa ta kan ƙandare. Mu namu lambun sai ruwan sama ya ɗauke. Kaka na wucewa, mutanen nan su kan zuba irin albasa da na tumatir da tattasai a ɗan wuri, su yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya isa dashe. Sa'an nan su gyara fili, su ja fangula, su dasa a cikin sanyin hunturu. Ubansu da jigo ya yi nasa ban ruwan, yana ɗebowa guga guga daga bakin kogi. Su kuwa suna da ɗan injin fetur da mesa, irin waɗanda suka yawaita tun shirin Fadama na wajen 1993, da wata 'yar rijiya da aka buga musu da bututu, gama ruwa a fadamar nan ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Na tsaya na ga ban ruwa guda daga farko har ƙarshe. Ƙaramin yana wajen inji, babban yana bin ruwa da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali, in ya ƙoshi ya toshe ya buɗe wa na gaba. Aiki ne na lissafi, don in ruwa ya yi wa albasa yawa sai ta ruɓe, in ya yi mata kaɗan sai ta tsaya ba ta yi kai ba. Akawun da ya ke ganin manomi ba ya aiki da ƙwaƙwalwa, ya zo ya gwada bin ruwan nan na sa'a guda.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda lambun ya ke yi wa kiɗan doka. Lokacin da a ke yawan biki, wato bayan kaka sa'ad da hatsi ya shiga rumbu kuɗi ya shiga aljihu, shi ne kuma lokacin da dashe ya fi bukatar ido. Saboda haka ba su karɓar gayyatar da za ta kwanar da su dare biyu a waje. Kafin Hausa, Malam Madori, Kirikasamma, Guri in an matsa, iyakarsu ke nan. Su yi wasa da dare, asuba ta yi musu a bakin rijiya. An taɓa kiransu Kano wajen wani taron direbobi, babban ya ce a yi musu haƙuri. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, tumatir ba ya jin uzuri. Mai biki in ka saɓa masa gobe ka ba shi haƙuri. Shi kuwa wannan, kwana uku ba ruwa, sai dai ka yi masa ta'aziyya."

Wasanninsu ba manya ba ne. Suna, ɗaurin aure, ajon wani mai neman taimako, wani lokaci masunta su kira su in an yi sa'ar kamu. Na halarci guda a ƙofar gidan wani dillalin albasa da aka yi wa haihuwa. An shimfiɗa tabarmi, an kunna fitila mai cajin rana, mata suna ji ta bayan danga. Sun yi waƙar mai gida, gaskiya ne, gama ba a zuwa gidan mutum a ƙi gaishe shi. Amma gajeriya ce, kuma abin da suka faɗa a kansa jama'a duka sun shaida, wato ba ya tauye ma'auni kuma yana biyan manomi ran da ya yi alkawari. Sauran daren kuwa waƙoƙinsu na kansu ne. Akwai ta ambaliyar 2020, wadda ta lissafta garuruwan da ruwa ya ci da yadda samari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna jinga. Akwai ta tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a ƙasar Hausa a 2016. Akwai kuma wata ta ban dariya a kan mai lambu da jan baki, da yadda tsuntsu ya fi shi sammako. A cikinta ne na ga tsofaffi suna dariya har da share hawaye, ko da ya ke abin da a ke faɗa asararsu ce.

A ƙasashen Turai jaridu su kan ajiye mutum musamman, aikinsa ya je wajen wasa ya dawo ya rubuta ko ya yi kyau ko bai yi ba. Mu a nan wannan aiki teburin mai shayi ne ke yinsa, kuma ba ya jin kunyar kowa. Na zauna na saurara. Dattawa suka ce hannun babban yana da kyau a kan tsirkiya, amma muryarsa ba ta kama ƙafar ta Haruna Uji ba. Samari suka ce kiɗan tsofaffi ne, su sun fi son na fiyano da a ke haɗawa a ɗakin ɗaukar murya a Kano, wanda mai biki zai ɗauko yaro guda da lasifika ya sa musu har gari ya waye. Wani malami da ke wurin ya ce shi dai ba ya zuwa wajen kiɗa, amma bai taɓa jin an ce sun zagi wani ko sun yi batsa ba, kuma sun fi waɗansu masu manyan riguna fitar da zakkar amfanin gona. Waƙoƙin suna yawo a wayoyin mutane, wannan ya tura wa wancan, wani ma ya sa a Facebook, amma ko kwabo ba ya komawa wurin masu su.

In za a ji nawa ra'ayin, dattawan nan suna da gaskiya wajen murya, tana da kaushi, kuma ƙaramin ya kan matsa wa kalangu har ya danne gurmin. Waƙar ambaliya ta yi tsawo, da an rage sulusinta da ta fi shiga jiki. Amma ban ji kalma guda a bakinsu wadda aka saya ba, wannan kuwa abu ne mai wuyar samu a yau. Ba ina ƙasƙantar da makaɗan fada ba ne. Narambaɗa yana ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa ya yi waƙoƙin da har yanzu malaman jami'a ke nazarinsu. Amma sarki ya kan riƙe makaɗinsa har mutuwa, da gida da hatsi da sutura. Ubangidan zamanin yanzu ɗan takara ne, ya ɗauke ka wata uku, ka yabe shi ka zagi ɗan'uwansa, zaɓe na wucewa ya manta da kai, kai kuwa ka rage da gaba da rabin garinku. Kafin zaɓen 2023 an aiko wa mutanen nan da irin wannan kira, suka ƙi. Albasarsu ta yi kyau a shekarar, shi ya sa suka iya ƙi.

Nan ne maganar ruwa ta shigo. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. Madatsun nan sun yi amfani, su ke shayar da birnin Kano da manyan gonakin Kadawa, kuma da ruwansu a ke noman rani a filayen Auyo. Amma sun sauya wa kogi hali. Da, ruwa ya kan cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya ƙafe ƙaf, rana ta ƙone abin da ya tsiro. Yanzu kuwa a na sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa. Sai ciyawar nan kacala ta sami wurin zama. Ta fi mutum tsawo, saiwarta tana riƙe laka, lakar ta taru ta toshe hanyar ruwa. Ƙarshenta sai ka ga ƙauye guda ruwa ya kwanta a gonakinsu ba ya janyewa, ƙauyen da ke gaba kuma suna kallon busasshen rafi. Ga shi kuma a cikin kacalar ne jan baki ke kwana yana hayayyafa, da safe ya sauka a kan shinkafa da alkama. Masunta ma sun rasa inda za su jefa taru.

Su waɗannan makaɗa, kwarin da ubansu ya bar musu yanzu kacala ce ta gaje shi, sai suka koma noma can sama inda dole sai inji ya jawo ruwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama shi ne babban abin da ke cin ribarsu. In kuma kowa ya kai tumatir kasuwa rana guda farashi ya faɗi, sai su yanka su shanya ya zama kauɗa, su jira. Ƙaramin, wanda ya ke da 'ya'ya ƙanana, ya fara cewa, "Yaya, in an sake aikowa mu duba." Babban bai amsa masa a gabana ba, sai ya ci gaba da gyaran tsirkiya.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, da gwamnatin jiha, da masarauta, a mai da yashe hanyoyin ruwa aikin kowace shekara, kada a jira sai ambaliya ta zo kamar ta 2022. Mutanen ƙauyuka sun daɗe suna fita gayya da lauje da adda, suna shiga ruwa iya ƙirji suna yankan kacala, kuma a irin wannan gayyar makaɗan nan biyu su kan tsaya a gaɓa su yi musu kiɗa kyauta. Amma hannu ba ya iya tone saiwar, kafin wata uku ta sake tsirowa, sai an haɗa da injin tono. Haka nan injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda waɗansu masu hali suka fara sawa, da za a ba ƙananan manoma shi bashi su biya bayan sun cire albasa, da an raba su da mai sayar da fetur.

Ku kuma 'yan'uwa akawuna da malamai na wannan yanki, in ɗayanku zai yi suna ko aurar da 'ya, ya tambayi irin waɗannan makaɗa na ƙauyukan kusa da shi, ya yanka musu lada tun kafin su zauna, kada ya bar su ga liƙi kaɗai. Ya kuma sallame su da wuri, gama ruwa na jiransu da asuba.

Wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Haɗejiya.