Jarkar da ta shayar da kifi

A ƙasar Sudan akwai birane biyu da kogi ya raba, Hartum da Umdurman. A nan ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su zama kogi ɗaya, ya nufi Masar. Hausawa sun daɗe da zama a wannan ƙasa. Kakannin wasu a hanyar Makka suka tsaya, na wasu kuwa hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903.

A Umdurman an yi wani yaro Bahaushe, ɗan aji biyar, mai son kifi ƙwarai. Wata rana ya raka kakansa kasuwar kifi ta Murada, a bakin kogi. Wani masunci ya ba shi ƴan karfasa huɗu masu rai, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Mutanen Sudan bulti suke ce wa wannan kifi. Yaro ya zuba su cikin wani tsohon akwatin gilashi, ya ajiye a inuwa.

Ana nan sai ƙaramar Salla ta 2021 ta matso. A watan Mayu ta faɗo, lokacin da zafin Hartum yakan wuce digiri 40. Mutanen gida suka shirya tafiya Mai Wurno, garin danginsu a bakin Shuɗin Nilu. Kwana bakwai za su yi. Kowa yana murna, ban da yaro.

Ga abin da ya dame shi. Ya lura kullum ruwan akwatinsa raguwa yake yi, ga shi ba ya yoyo. Zafi da busasshiyar iska ne suke kwashe shi, ya zama tururin da ido ba ya gani. Ya sa alama da alli a jikin gilashin, washegari ya auna: santimita 1 ya tafi. Zurfin ruwan duka santimita 15 ne. Ke nan kafin su dawo kusan rabi ya ƙare. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa sosai. Ga dattin da ke ciki, shi ba ya bin tururi, yana nan yana ƙara kauri. Karfasa tana jure yunwar ƴan kwanaki, amma wannan ya fi ƙarfinta.

Ya kai kuka wurin kakansa. Tsoho ya yi dariya ya ce: «Abokina, kawo su mu soya, kowa ya huta!»

Yaro ya ce: «Haba Kaka! Ko loma ɗaya ba za su yi maka ba.»

Sai tsoho ya ja shi wurin kajinsa. Ya nuna masa kwalba cike da ruwa, an kifa ta cikin faranti. Ya ce: «Duba da kyau. Me ya hana ruwan nan zubewa?»

Yaro ya tsuguna yana kallo. Kaza ta sha, ruwan faranti ya ragu, bakin kwalba ya fito fili. Sai ya ji ƙul-ƙul! Iska ta shiga, ruwa ya sauko, ya sake rufe bakin, komai ya tsaya cik. To, yara, asirin ke nan. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna ruwan faranti, shi ya sa na kwalba ba ya samun hanyar fita. Sai in wata iskar ta shiga kwalba ta maye gurbinsa zai sauko.

Yaro ya ɗauki alli ya yi lissafi. Tsawon akwati santimita 60, faɗinsa 30. Idan santimita 1 ya tafi, an rasa lita 1,8. A kwana bakwai lita 12,6 ke nan. Kwalba ta yi kaɗan, sai jarka mai lita 20. Ya wanke ta tas, ya huda murfin, ya cusa tiyo, ya ɗaure da robar tayar keke. Kaka ya haɗa masa katako, suka kifa jarka bisa akwati, bakin tiyo daidai kan alamar alli.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Tiyon siriri ne, iska ta kasa hawa, ko ɗigo bai sauko ba. Aka sa mai kaurin babban yatsa, aka yanke bakinsa a karkace. Na biyu ya fi muni: da safe suka tarar akwati ya cika ya tumbatsa, tabarmar Inna ta jiƙe sharkaf, jarka kuwa wayam. Ashe akwai wata ƴar ɓula a gindinta, kamar ta allura, iska tana shiga ta sama ba tsayawa. Inna ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya. Yaro ya shanya tabarma, ya liƙe ɓula da narkakkiyar roba.

Sai a karo na uku abu ya yi. Ya cika jarka da ruwan famfo wanda ya kwana a buɗe, don maganin da ake zuba masa ya fita. Ya lulluɓe ta da buhu, saboda in rana ta buga jarka, iskar ciki takan kumbura ta turo ruwa fiye da kima. Kwana biyu yana gadi, ruwa bai bar kan alama ba. Sannan ya yarda ya shiga mota.

Ranar da suka dawo, tun kafin a sauke kaya ya ruga. Ruwa yana nan kan alli. Ya girgiza jarka, ya ji saura wajen sulusi. Ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku… ta huɗun ta fito daga bayan dutse.

Kaka ya leƙo ya ce: «Har yanzu ba su isa suya ba?»

Yaro bai tanka ba, yana can yana marmasa musu burodi.