Jiragen Iska a Gaɓar Lamu

Da hantsi na isa bakin ruwan Lamu, tsohon garin Sawahili da ke wani tsibiri a arewacin gaɓar Kenya. Ba ka jin ƙugin mota a lungunansa. Jaki da jirgin ruwa su ne ƙafar gari. Ina tsaye sai ga wani jahazi, babban jirgin ruwa na katako, ya sulalo, an naɗe filafilinsa mai kusurwa uku, cikinsa maƙil da tubalin dutsen murjani da aka saro a tsibirin Manda. Kafin ka ce kwabo, 'yan dako sun tsunduma ruwa iya ƙugu, jakuna sun yi layi suna jiran kaya.

Washegari na tafi ƙauyen Matondoni, inda ake sassaƙa irin waɗannan jirage. Na tarar da gwanin aikin, wanda suke kira fundi, zaune a inuwar wani jirgi da bai gama haɗuwa ba, haƙarƙarinsa a waje kamar na raƙumin da aka feɗe. Babu takarda, babu zane. Gizago ne a hannunsa, sai igiyar awo, sauran kuwa ido ne. Yakan zagaya reshen itace mai lanƙwasa sau biyu, ya riga ya san gurbinsa. Yaransa na cusa auduga tsakanin katako da katako, daga baya a shafe jikin da man hantar papa, babban kifin nan mai haƙora. Warin ya bi rigata har masauki.

Iska ce ta raini wannan sana'a. Daga Disamba zuwa Maris kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, ita ta riƙa kawo fataken Oman da dabinonsu. Daga Afrilu sai kusi ta juyo daga kudu, ta mai da su gida da azarar itacen bakin teku don rufin ɗaki. A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, amma jiragen nan ba na ajiya ba ne, a kansu ake cin abinci.

Da la'asar na shiga wata mashua, ƙanwar jahazi. Akwai ƙaramin inji a bayanta, shi ya fitar da mu daga cunkoso. Muna kaiwa sarari nahodha, wato matuƙin jirgin, ya ɗaga fuska, ya ji iska a kuncinsa, ya miƙa hannu ya kashe injin. Aka ja igiya, filafili ya cika, katako ya yi ƙara kaɗan. Daga nan har ƙauyen Shela ba abin da muka ji sai ruwa yana tsagewa.