Rumbun da bai san fuska ba

Mu ƴan Damargu mun san rumbu: gero a ciki, mai shi a kusa. Amma yau lissafin cinikina da sunayen abokan hulɗata suna ajiye a na'urorin Google da WhatsApp, nesa da Tanut.

Bara wani ya kira ni, wai lambobinsa shida sun shigo wayata bisa kuskure. Na karanta masa. Kafin la'asar ya ƙwace WhatsApp ɗina, ya karɓi jika hamsin hannun aminina na Damagaram da sunana. Ni na biya.

Wancan rumbu bai san fuska ba, lamba kaɗai ya sani. Yanzu na ƙara masa kulle na biyu, lambar sirri tawa ni kaɗai. Jama'a, lambar da aka aiko muku mabuɗi ce, kada ku miƙa ta ga kowa.