Gobara a Tsakiyar Ruwa

Bahaushe ya raba wuta da gobara. Wuta baiwa ce muddin tana cikin murhu. Idan ta tsallake duwatsun nan uku ta kama danni, sunanta ya koma gobara. A tudu maganinta na farko sananne ne: a fice waje, a yi kururuwa, maƙwabta su sheƙo da bokitai. A cikin jirgin ruwa kuwa babu wajen da za a fita. Wuta na baya, ruwa na gaba, mutum na tsakiya.

Mutumin Garwa ba baƙon wannan tunani ba ne, ko da yake garinsa na nesa da teku. Garwa tashar jiragen ruwa ce a bakin Binuwai, kuma a da, idan kogi ya cika da damina, jiragen dako kan hauro daga Nijeriya da siminti da man fetur, su gangara da auduga da gyaɗa. Tun kafin a kammala madatsar Lagdo a 1982 wannan harka ta fara ja da baya, amma kogin bai zauna fayau ba. Kwalekwale masu inji na ɗaukar mutane da kaya, kuma cikin kayan har da jarkokin fetur ɗin nan da ake kira zuwa-zuwa. Katako da fetur da jama'a a wuri guda, shi ne ainihin abin da ya daɗe yana hana masu ƙera manyan jiragen fasinja barci.

Dokokin da ake bi a teku yau, kusan kowace da gawawwakin da suka sa aka rubuta ta. Nutsewar Titanic a 1912 ita ta haifi yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, a 1914. A 1934 jirgin Morro Castle ya kama da wuta kusa da gaɓar Amurka, mutum sama da 130 suka halaka, domin an ƙawata cikinsa da katako mai sheƙi wanda wuta ta lashe kamar karan dawa. A 1965 Yarmouth Castle ya bi sahu. Yarjejeniyar da ke aiki yanzu an amince da ita a 1974, ƙarƙashin hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, mai mazauni a Landan, kuma ta keɓe babi guda sukutum ga gobara.

Hikimar babin ita ce a ɗaure wuta inda ta tashi. Ana yanka jirgi gunduwa-gunduwa da bangayen ƙarfe, tsawon kowane yanki bisa ƙa'ida bai wuce mita 40 ba, da ƙofofi masu rufe kansu. Bangon da ake kira A-60 dole ya tare harshen wuta da hayaƙi na minti 60, kuma zafin ɗaya gefen kada ya ƙaru fiye da digiri 140 a matsakaici. Kayan gini kuwa ba a kiransa marar cin wuta sai an gasa shi a tanderu mai zafin digiri 750 bai kama ba. Duk wannan ɗawainiya saboda sa'a guda ce, wadda za ta ishi a ta da masu barci, a tara su, a sauke jiragen ceto.

Sai dai harshen wuta ba shi kaɗai ke kisa ba. A 1990 mutum 159 suka mutu a jirgin Scandinavian Star, akasarinsu hayaƙi ne ya shaƙe su a ɗakuna da lunguna, domin abin da aka lulluɓe bango da shi ya fitar da guba da ya ƙone. Bayan haka aka tilasta wa jiragen fasinja, har tsofaffi, sanya na'urorin jin hayaƙi da masu yayyafa ruwa, da fitilu ƙasa-ƙasa masu nuna hanya ga mai rarrafe. A 2006 wuta ta ci ɗakuna da dama a Star Princess, bayan ta tashi daga baranda, inda shingayen roba suka zame mata abinci. Ana kyautata zaton guntun sigari ne mafari.

Abin da ya fi tsuma zuciya ya faru a Bahar Maliya a watan Fabrairun 2006. Jirgin al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, wuta ta kama a inda ake ajiye motoci. Ruwan da aka yi ta kwarara mata bai sami mafita ba, ya taru ya rinjayi jirgin, ya kife, mutum fiye da 1,000 suka rasu. Ruwan da aka nufa da ceto shi ya ƙarasa aikin wuta.

SOLAS ta jiragen teku ce, hannunta bai kai kwalekwalen Binuwai ko na tafkin Lagdo ba. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Matuƙin da ya nisanta jarka daga inji, ya hana a kunna sigari ko a hura kurfoti a cikin jirgi, ya bar hanya tsakanin buhuna, ya ƙi ƙara mutum bayan jirgi ya cika, ya bi ruhin wannan babi ko bai taɓa jin sunansa ba. Fasinja na iya yin guna-guni a gaɓa saboda an hana shi wuri ko an kashe masa taba. Matuƙin ya san cewa a tsakiyar kogi, shi da su, babu maƙwabcin da zai kawo bokiti.