Daga Kasuwar Zariya Zuwa Ɗakin Gwaji a Samaru

Da hantsi muka shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, muka nufi rumfunan masu magani a kasuwa. Ga ganyen sabara da sassaƙen marke da 'ya'yan bagaruwa jibge bisa tabarma. Wani dattijo ya ɗaga ƙunshi ɗaya ya ce, "Wannan na ciwon sanyi ne, kwana uku an rabu da shi." Muka saya, muka kama hanyar Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, domin mu ga yadda masana ke gwada irin wannan magana.

Me ya sa suke wahala da itatuwa? Ƙwayar ciwon sanyi ta yi taurin kai. A dā allurar penisilin tana kashe ta, amma a 1976 aka sami irin da penisilin ba ya taɓawa. Yau allurar ceftriaxone ce babban abin dogara, ita ma ta soma gazawa a waɗansu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 82 suka kamu a 2020.

A ɗakin gwaji aka nuna mana aikin daki-daki. Ana shanya ganye a inuwa, a daka, a jiƙa cikin ruwa ko sifirit, a tace, a ƙafar da shi. Ita kuwa ƙwayar ana shuka ta a ɗan faranti mai abinci da aka haɗa da jini. Sai a ɗiga maganin bisa 'yar takarda, a aza a kai. A sa farantin cikin tulun gilashi tare da kyandir a kunne, a rufe har wutar ta mutu, gama irin wannan iska ƙwayar take so. Bayan kwana ɗaya ko biyu cikin ɗumi kamar na jikin mutum, sai a duba. In an ga fili kewaye da takardar, maganin ya hana ta tsiro, sai a auna faɗin filin.

Muka ce, "Ashe in fili ya fito an sami magani ke nan?" Malamin ya girgiza kai. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Sai an ware sinadarin, an san awonsa da dafinsa, an gwada shekara da shekaru. Haka aka bi aka sami kwinin daga ɓawon itace a 1820.

Masu karatu, aikin yana da bege, amma bai ƙare ba tukuna. Ciwon nan yakan ɓuya a jikin mace ba alama, ya toshe hanyar haihuwa, ya kuma makantar da jariri. Wanda ya ga alama ya je asibiti tare da matarsa, kada kunya ta hana shi, su karɓi magani su biyu. Ƙunshin dattijo kuwa mun bar shi a Samaru, ana shanya shi a inuwa.