Daga Malali zuwa Tsibirin Ikko

Tsakanin Kaduna da Legas akwai kimanin kilomita 630 a miƙe. Jirgin saman da ke gudun kilomita 800 a awa zai cinye wannan tazara cikin minti 47, sai dai tashi da sauka da jiran izini sukan mayar da ita awa ɗaya da 'yan mintoci. Iyakar abin da tikiti ke faɗa ke nan.

Ni da nake zaune a Malali, aiki kuma yakan kai ni tsibirin Ikko, lissafina daban yake. Sai na ratsa Kawo da Mando kafin in kai filin jirgi, kuma dole in isa aƙalla awa guda kafin tashi. A can kuwa Ikeja ake sauka, tsibirin yana ƙetaren ruwa. Akasari gadar Third Mainland ake bi, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Idan safiyar Litinin ce, cunkoson wannan ɗan zango yakan ci lokaci fiye da tafiyar sama gaba ɗaya. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, awa biyar ba abin mamaki ba ne.

Saboda haka duk mai ganawar neman aiki, ko biza, ko ganin likita da ƙarfe goma, kada saukar ƙarfe tara ta ruɗe shi. Ya tafi tun jajibere, ya kwana can. Kuɗin masauki na dare ɗaya ya fi sauƙi a kan damar da ta kuɓuce.